Benci na Sha Biyu

Benci goma sha biyu Fasto Barnaba ya ce in yi wa majami'a,
na yi goma sha ɗaya.
Katakon na ƙarshe yana jingine a bangon shago
ranar da Sila ya ce, "Baba, wuyana ya ƙi juyawa."

Watan zafi ne, Tawa ta yi kamar bakin tanderu.
Muka ɗauki shatar mota zuwa Galmi.
A Badagishiri direba ya tsaya zuba wa inji ruwa,
uwarsa ta ɗaga mayafi, ta duba,
ta mayar a hankali.
Ba ta ce kome ba. Ni ma ban tambaya ba.
Direba da kansa ya juya kan mota.

Da dare na kunna fitila, na ɗauko zarto.
Ban nemi igiyar awo ba.
Tsawonsa yana nan a jikin ƙofar shago,
zane bisa zane da bakin ƙusa,
kowace Kirsimeti ɗaya,
na sha huɗu ya iso mini kafaɗa.
Abin da za a zauna a kai a rera yabo,
shi na yanka na yi masa akwati.

Masu gaisuwa suka cika rumfa.
Haƙuri, in ji su, maganin zaman duniya.
Na ce a raina, a wane kanti ake sayar da shi?
Malam Illo mai albasa,
wanda addininmu daban, katangarmu ɗaya,
kwana bakwai yana shimfiɗa buzunsa kusa da ni,
ya turo mini ƙwaryar fura, ya yi shiru.

Addu'a ta ƙi fita.
In na buɗe baki sai in ji ƙara nake kaiwa:
ga tsohon kututture gara ta fara ci,
Ka bar shi, Ka sare ɗanyen reshe.
Wane irin mai gona ne Kai?

Ranar Jumma'ar gicciye Damaris ta ja ni da hannu.
Na tsaya can baya, inda babu benci,
yara na zaune a kan siminti.
Ana karatu, ni guduma nake ji.
Na san kukan ƙusa in ta shiga itace,
na kuma gane yadda kukan ke dusashewa
in sai ta ratsa nama kafin ta isa.
Kafinta ne fa aka buga wa.
Hannun da ya san kaifin gizago,
ya sha sartse, ya yi kanta kamar nawa.
Uban kuma yana kallo.

Na ce, ashe Kai ma Ka binne ɗa.

Bai ba ni dalili ba, har yau bai ba ni ba.
Zama Ya yi kusa da ni, irin na Malam Illo.
Na tuna Yesu ya yi kuka a bakin kabarin abokinsa
alhali ya san yanzu zai kira shi ya fito.
Sai na daina jin kunyar hawaye.
Na yi ta yi, har yaran suka waiwayo.

Bayan Ista na ci bashin katako a kasuwa.
Benci na sha biyu ya ɗan karkace,
idona bai ga layi sosai ba.
A ƙarƙashinsa na ja zane goma sha huɗu.
Nan Damaris ke zama.
Muryarta takan karye a tsakiyar waƙa,
ta maƙwabciya ta ɗauke ta har ta dawo.

Wasu safiyoyin har yanzu nakan ce, "Sila, miƙo guduma,"
shago ya yi tsit.

Amma akwai abin da ban faɗa wa kowa ba.
Ƙusa huɗu kawai na sa a murfin nan,
ban kuma danne su har ƙarshe ba.
Mai zuwa buɗewa ɗan sana'a ne,
Ya san yadda ake zare ƙusa.